Tsakuwar Shinkafa Ba Ta Fi Ƙarfinmu Ba

"Akwai tsakuwa?" Tambayar farko ke nan da mai sayen shinkafa 'yar gida ke yi a kasuwar Katako ta Jos, tun kafin ya ji kuɗin mudu. Zai dumbuza, ya baza a tafin hannu, ya karkata wajen haske, ya riƙa turawa da ɗan yatsa. Da ya hango baƙi-baƙi ko ɗan farin dutse mai ƙyalli, sai ya karkaɗe hannu ya yi gaba. Mai kaya na ta rantsuwa, shi kuwa ya riga ya kai rumfa ta uku. Ba ƙamshinta ya raina ba, ba daɗinta ya raina ba. Kowa a garin nan ya san 'yar gida ta fi gamsarwa a ciki, kuma mai tuwo da mai masa ba su da abin da ya fi ta. Haƙorinsa yake ji, da kunyar da zai sha in baƙo ya tauna dutse a gidansa.

Ku bi sawun ƙwayar nan ku ga hannu nawa ta ratsa kafin ta iso tafin mai saye. A saman dutsen Jos ba a noma shinkafa da yawa. Daga ƙasa take hawowa, daga fadamun Shendam da Wase da Langtang da Qua'an Pan, ta biyo ta Mangu, wata kuma ta fito daga Lafiya ko ta hanyar Bauchi. Manomi ya yi kaftu, ya dasa, ya tsaya cikin ruwa har ƙafarsa ta yi fari, ya wuni yana korar jan baki. 'Yan ƙwadago sun yanka da lauje, sun buga a jikin durom. Direba ya hawo da ita cikin dare a kan hanyar da ba ta da tabbas. Mai gumi ta jiƙa, ta hura wuta tun asuba cikin sanyin nan namu, hayaƙi na cika mata ido. Mai inji ya casa, ƙurar ɓuntu na shige masa hanci. Ɗan dako ya ɗora wa wuyansa. Duk wannan wahala, sai ɗan dutsen da bai kai ƙwayar dawa ba ya zo ya zaftare haƙƙin kowa. Ragin da mai saye ya yi a Katako ba a kan ɗan kasuwa yake tsayawa ba, baya yake komawa, hannu bayan hannu, har ya isa aljihun mai lauje.

Da ku nake, mutanen Anguwan Rogo: iyayenmu mata masu gumi da masu tsinta, masu injin casa, yaran shago, masu walda, 'yan baro da 'yan dako, da ƙannenmu da suka gama makaranta suke zaune a bakin titin Bauchi suna jiran takardar ɗaukar aiki. Tsakuwa ba halittar shinkafarmu ba ce. Ba a jikin zangarniya take fitowa ba. Hannun mutum ne ya bar ta ta shiga, hannun mutum ne zai fitar da ita, kuma a duk faɗin Najeriya babu garin da ya kai namu gadon wannan aiki.

Me ya kawo kakanninmu nan? Kuza. Tun farkon ƙarni na 20, da kamfanonin Turawa suka kafa sansani a Naraguta, nan kusa da mu, mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Zariya da Bauchi da Barno, suka haɗu da Birom da Anaguta da Afizere a rami ɗaya, kowa da kwanon sarki a ka. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso don kwasar abin da suke haƙowa. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, aka yi diban gwamna, aka kwaso dubban talakawa ƙarfi da yaji aka zuba su a ramuka cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su sake ganin gida ba. To mene ne ainihin aikin da suka ba da ransu a kai? Raba mai nauyi da marar nauyi. A zuba ƙasa a magudana, ruwa ya tafi da yashi, baƙar kuza ta kwanta a ƙasa, domin ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu. Mata su zauna bakin kududdufi da ƙwarya suna juyawa har sai baƙin ya taru a gindi. Har gobe a rumfunan gyaran kuza na Jos da Bukuru akwai teburin da ke karkarwa iska na busowa ta ƙarƙashinsa, akwai maganaɗisun da ke zare kwalambait daga cikin kuza. Farashin kuza ya faɗi a duniya a 1985, manyan kamfanoni suka ƙarasa durƙushewa, suka bar mana tafkuna da tulin yashi. Amma sanin bai bi su ba, yana nan a hannunmu.

Wannan sanin ne Inna ke aiki da shi a tsakar gida in ta zauna rege. Ƙwarya biyu, ruwa, da wuyan hannu. Ta karkata ƙwaryar, ta girgiza a hankali, shinkafa ta riƙa tsallaka baki kaɗan-kaɗan zuwa ɗayar, har ya rage ɗan baƙin yashi da tsakuwa a gindi, ta watsar, ta sake daga fari. Ba ta taɓa shiga aji an faɗa mata cewa dutse ya kusa ninka ƙwayar shinkafa nauyi ba, hannunta ne ya sani. Illa dai abin da take yi wa mudu ɗaya kafin ruwan tukunya ya tafasa, ba zai yiwu a yi wa buhu ɗari da hannu ba. Matar aure ta yau kuma, mai zuwa aiki ko kasuwa, da ɗalibin jami'a mai risho ɗaya, da mai sayar da abinci da ke dafa rabin buhu kafin hantsi, ba su da lokacin zaman rege. Lokacinsu suke saye in sun ƙara kuɗi sun ɗauki 'yar waje.

Injin cire tsakuwa, wanda masu sana'a ke kira distona, regen nan ne aka mayar da shi ƙarfe, iska ta maye gurbin ruwa. Ku leƙa cikinsa ku gani, babu wani siddabaru. Rariya ce ta ƙarfe mai ƙananan huji, an ɗan karkata ta, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Moto na girgiza ta gaba da baya. Fanka na hura iska ta ƙarƙashi, a wani samfurin kuma zuƙo ta take yi ta sama. Shinkafa na zubowa daga mazurari, iska ta ɗan ɗaga ta, ta yi kamar tana yawo a kan rariyar, ta gangara ta fita ta ƙasa. Tsakuwa kuwa iska ba ta iya ɗaga ta, sai ta zauna daram a jikin ƙarfen, girgizar nan ta riƙa tura ta sama, taku-taku, tana haura tudu ita kaɗai har ta faɗa ta wata ƙofa dabam. Ranar da mutum ya fara tsayawa ya ga tsakuwa na hawa sama shinkafa na sauka ƙasa, ya ji ƙarar faɗawarta cikin bokiti, kwas, kwas, zai gane cewa abin da ya daɗe yana karya mana kasuwa ba wani dodo ba ne.

Sai dai inji ɗaya ba ya yin aikin kowa. Distona an yi shi ne don tsakuwar da girmanta ya zo ɗaya da ƙwaya, wadda rariya ba ta iya tarewa. Manyan duwatsu da kara da igiyar buhu, rariya mai manyan ido ce ke tare su tun farko, yashi da ƙura kuma mai ƙananan ido ta zubar. Ƙusa da guntun waya aikin maganaɗisu ne, a ɗaura shi a bakin mazurari. Wanda ya zuba shanshera da duk dattinta kai tsaye, ya toshe hujin rariyar, iska ta kasa wucewa, sannan ya ce injin ba shi da kyau, shi ne bai yi masa adalci ba. Kuma mai hankali sau biyu yake bi: kafin casa da bayan casa. Na farkon injin casarka yake karewa, domin tsakuwa ce ke cinye robar da ke ɓare ɓuntu, ita ke yaga raga, in kuma ta farfashe a ciki ta zama garin dutse ta bi shinkafa, ba mai iya tsince ta. Na biyun shi ke kare sunanka.

A nan ne nake so ƙannena maza da mata su buɗe kunne, domin a nan sana'ar take. Sayen inji na mai kuɗi ne, sarrafa shi na mai basira. Abu uku ke hannun mai tsayawa a kansa: yawan iska, karkatar rariya, da yawan abin da ke zubowa. Iska ta yi yawa, tsakuwa ma ta tashi ta bi shinkafa ta gangara, an yi aikin banza. Iska ta yi kaɗan, shinkafa ta kwanta ta bi tsakuwa ta haura, ka ga ribarka na zuba a bokitin shara. Ka buɗe mazurari da yawa don sauri, kaurin shinkafar ya hana tsakuwa nitsewa ta taɓa ƙarfe. Ka rage da yawa, rariya ta yi tsirara a wani gefe, iska ta tsere ta nan. Saitin da ya yi wa shanshera daidai ba zai yi wa casasshiya ba, na doguwar ƙwaya irin sipi ba zai yi wa gajera ba, na busasshiya ƙayau ba zai yi wa mai ɗan sanyi ba. Ƙwararre ba ya barin wurin, idonsa na kan yadda shinkafar ke tafasa a kan rariya, kunnensa na kan bel da boris, burushi na hannunsa don dusar da ke liƙewa a huji. Yaron da ya iya wannan ba zai nemi aiki ba, masu inji ne za su riƙa aiko masa.

Ga wata dabara mai sauƙi da za ta raba gardama tsakanin mai inji da mai kaya. A ƙirga tsakuwa 20 masu girman ƙwaya, a shafa musu jan fenti, su bushe, a cuɗa su cikin buhu, a zuba. A je ƙofar tsakuwa a ƙirga. In 20 suka fito, a ci gaba da aiki. In 17 ne, uku na cikin abincin wani, a tsaya a gyara saiti. Mai inji da ke yin wannan a gaban mai kaya, ba sai ya rantse ba.

Amma kada inji ya zama mafakar sakaci. Tsakuwar da ba ta shiga ba ta fi sauƙin fitarwa. Ina take shiga? A masussuka, inda ake bugu a kan ƙasa tsirara a share da tsintsiya. A bakin kwalta, inda ake shanya mota na wucewa. A ƙofar gida, inda mai gumi ke baza shanshera a ƙasa don ba ta da wuri. Mu kuma a Jos abin ya fi muni, domin ƙasarmu ɓarɓashin dutse ce da yashin da haƙar kuza ta bari, kuma iskar hunturu ba ta raga wa shanya. Tamfol ko daɓen siminti ya fi kowane inji araha, kuma shi ne farkon gyara. Akwai ma abin da distona ke shan wuya a kansa: dunƙulen busasshiyar laka, wanda bai kai dutse nauyi ba, yakan kuɓuce ya shiga injin casa ya farfashe, ya dusashe hasken shinkafa baki ɗaya. Maganinsa wanki kafin jiƙo, a wanke shanshera sosai, a kwashe ƙaiƙayin da ya taso. In an zo shanya kuma kada a ba rana ita gaba ɗaya lokaci guda, a shanya, a tara a inuwa ta huce, a sake bazawa, har damshin ya sauka wajen kashi 14 cikin 100. Wadda aka ƙona da rana tsagewa take yi ta ciki, ta kakkarye a inji, ta zama tsaki. Dillalanmu da ke sauka Shendam da Wase saro, ku tafi da tamfol ku ba manomin da kuke hulɗa da shi aro, ku ƙara masa wani abu a kan buhun da ya fito tsaf. Ba kyauta kuka yi ba, a kilo 100 na shanshera wajen kilo 20 ɓuntu ne dama, kada ku ƙara biyan kuɗin mota don ku hawo da yashi garin da yashi ya yi wa yawa.

Akwai kuma maganar da ba ta da daɗin faɗa, amma rufe ta cuta ce. Ba duk tsakuwa ce ke shiga da kuskure ba. Akwai mai zuba yashi da gangan don buhu ya yi nauyi, akwai mai sa mai kyau a baki ya ɓoye algus a tsakiya. Malamanmu sun sha karanta mana labarin ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tulin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ɓoye a ƙasa, da irin kashedin da ya yi wa mai kayan. Mai algus ba baƙon da ya saya kaɗai ya cuta ba, ya cuci duk mai sayar da 'yar gida, domin wanda ya tauna dutse sau ɗaya ba ya tambayar rumfar wa, cewa yake yi shinkafar Hausa ce. Shugabannin kasuwa, wannan naku ne, wake ɗaya ke ɓata gari.

Na san abin da ke ranku: kuɗin inji, kuɗin fetur tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, da wutar da ba a san lokacin zuwanta ba. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin nauyi ba ne. Amma wa ya ce sai kowa ya mallaki nasa? A Abakaliki da Lafiya da Kura ta Kano, inda ƙananan masu casa suka taru wuri guda, cire tsakuwa sana'a ce mai zaman kanta: mutum ɗaya na da inji, saura su kawo kaya su biya ladan aiki. Ƙaramin distona ba ya cin wuta kamar injin casa, janareta matsakaici na iya ɗaukarsa. Unguwar da mata ke haɗa adashi su aurar da 'ya, su yi kayan ɗaki har da gado da kujeru, ba za ta kasa haɗa kuɗin inji ɗaya ba. A zauna, a rubuta wa ya sa nawa, wa ke riƙe da makulli, nawa ake cirewa kullum don giris da bel da gyara, a sa hannu a gaban shaidu. Rubutun nan kada a ji kunyarsa, shi ke tsare zumunci.

Iyayenmu mata masu tsinta da bakace, kada ku ɗauka an zo ƙwace muku abinci. Baƙar ƙwaya da ta ƙone a gumi, da wadda ɓuntunta bai fita ba, distona ba ya ganin su, nauyinsu ɗaya da 'yan uwansu. Idonku ne ke gani. Abin da zai sauka daga kanku shi ne sunkuyon wuni guda ana farautar yashi, baya na ciwo, ido na ruwa. Kuma ku ne kuka fi cancanta ku mallaki injin nan, domin ku kuka fi kowa sanin shinkafa. Hajiyar da ta shekara ashirin tana gumi, ta taɓa ƙwaya ta san ko ta bushe, ba za a koya mata saitin iska sau biyu ba.

Ku dubi abin da ya faru a ƙasar nan. A Yunin 2015 Babban Banki ya hana ba da dala don shigo da shinkafa. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Mutanen da suka rantse ba sa cin 'yar gida suka ci, da yawansu suka zarce. Sannan a Oktoban 2023 aka ɗage hanin dala, a Yulin 2024 aka sanar da dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba. Abin da gwamnati ta rufe yau tana iya buɗe shi gobe, ba da shawararmu ba. Wanda ya dogara da rufe iyaka, kasuwarsa na hannun wani. Manyan masana'antu irin su Umza a Kano, Labana a Birnin Kebbi, WACOT a Argungu da Olam a Rukubi ta jihar Nasarawa, shinkafar ƙasar nan suke casawa, daga fadamu irin namu, amma ba mai dumbuzar buhunsu yana neman dutse. Ba irin shukarsu ne ya bambanta ba, layin gyaransu ne. Ba za mu kai su jari ba, amma a tsabta babu abin da ya hana mu tsaya kafaɗa da kafaɗa, kuma muna da abin da ba su da shi: mai saye ya san fuskarmu, ya san ƙofar gidanmu, kuma shinkafarmu sabuwa ce, ba ta kwana a sito wata da watanni ba.

Masu walda na Dilimi da na cikin unguwa, ku ma da ku. Hannun da ke ƙera injin markaɗe da ƙofar ƙarfe da tankin ruwa zai iya wannan. 'Yan Panteka a Kaduna ba da takardar digiri suka fara ba, buɗe inji suka yi suka duba cikinsa. Wurin da ake faɗuwa sananne ne: rariyar da hujinta bai daidaita ba, fankar da ke hura gefe ɗaya fiye da ɗaya, da ƙafafun da ba su zauna daidai ba har injin ya riƙa tafiya da kansa. Ku nemi tsohon da ya yi aiki a rumfar kuza ku zaunar da shi ku ba shi shayi, zai gaya muku yadda ake daidaita tebur mai iska fiye da abin da ke cikin takardar kamfani. Ko ba ku ƙera sabo ba, ku iya gyara, kada inji ya kwana wata guda a rufe don ana jiran wani ƙarfe daga Legas.

Akwai abin da ke ci mini rai, kuma na san yana ci muku. Sunan unguwar nan an fi jin sa a rediyo in gari ya rikice. Mun ga rikicin 2001, mun ga na 2008, mun ga na 2010, mun ga babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 da jarin dubban mutane. Akwai waɗanda aka haifa a garin nan da ba su taɓa taka Anguwan Rogo ba, akwai namu da ba su taɓa shiga unguwanninsu ba. Amma kowa na dafa shinkafa, ranar Sallah da ranar Kirsimeti, a Rayfield da Tudun Wada da Bukuru da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ina so in ga buhu mai kilo 5 da mai kilo 10, ɗinkakke tsaf, an buga masa sunan ƙungiyar matanmu da lambar waya da sunan unguwar nan ɓaro-ɓaro, ya shiga gidan da mai shi bai taɓa zuwa nan ba, a dafa ba tare da rege ba, a ci lafiya, a kira waya a ce a ƙaro. Wanda ya buga sunansa a buhu ya ɗaure kansa da gaskiya, domin in aka tauna dutse an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ku kula da jikinku a wajen aikin. Ƙurar ɓuntu kaifi gare ta, tana cin ƙirji a hankali, a sa takunkumi ko da ana jin zafi. A rufe bel da murfi, a naɗe hannun riga, mai mayafi ta ɗaure shi tamau kafin ta matso, kuma kada yaro ya cusa hannu ya zaro abin da ya maƙale sai an kashe moto.

Sabuwar shinkafa za ta fara hawowa daga ƙasa da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba. Kafin motar farko ta tsaya, masu gumi su san inda za su shanya da abin da za su shimfiɗa. Masu adashi su aika mutum biyu Lafiya ko Kura, namiji da mace, su wuni a gindin inji suna kallo suna tambaya, su dawo da farashi da sunan mai gyara. Kai kuma ƙanena da ke zaune bakin titi, gobe da safe ka je wajen mai injin casa mafi kusa da gidanku, ka gaishe shi, ka ce ka zo koyon aiki, ka karɓi tsintsiya da burushi ka fara da share rariya.